Yadda Muka Bi Sawun Kuɗin Makanikan Apo

A shekarar da aka mayar da ni sashen binciken kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, motata ta fi ni sanin hanyar Apo. Tsohuwa ce, a hannu na saye ta, kuma tsakanin Dutse Alhaji inda muke zaune da ofishinmu da ke cikin gari ba ta rasa abin kuka: yau birki, gobe lagireto. Makaniken da ke duba mini ita mutumin Filato ne, Kirista, ya ɗan girme ni. Duk layinsu Injiniya ake ce masa, ni ma haka nake kiransa, shi kuma ya ce mini Madam. Hausarsa irin ta Abuja ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Mutum ne mai barkwanci, kafin ya buɗe bonet ya riga ya gama yi wa motar ba'a.

Wata Asabar da hantsi na kai masa ita, sai na same shi zaune a kan benci ya zuba tagumi. Bai tashi ba, ko kallon motar bai yi ba.

"Injiniya, lafiya? Ko gida ne?"

"Gida lafiya, Madam," in ji shi. "Ni ne ba lafiya. An cuce ni, kuma ta hannuna aka cuci mutane."

Na jawo kujera na zauna, ya ba ni labari. Wata mata ce ta turo masa saƙo a waya, kamar ta yi kuskuren lamba. Ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Washegari ta sake gaishe shi, da saƙon murya, da Hausa. A hankali suka saba. Tana tambayarsa aiki, tana tambayarsa yara, ranar Lahadi ta ce ya sa ta a addu'a. Sai da aka daɗe sannan ta ce masa tana aiki da wani kamfani da ke juya kuɗin kirifto, ta turo masa manhaja ya sa a wayarsa. Ya jefa ɗan abin da yake da shi don gwaji. Riba ta fito, ya cire ta, ta shigo asusunsa na banki, har ya sauya kwanon rufin gidansa da ita.

Abin da ido ya gani ba a musunsa. Ya gaya wa mai fenti, ya gaya wa mai walda, ya gaya wa masu sayar da kayan gyara na layinsu, har matar da ke dafa musu shinkafa da wake ta kwashe adashenta ta zuba. Ranar da suka so cire kuɗinsu aka ce sai sun biya haraji. Suka biya. Bayan haka manhajar ta daina buɗewa, matar kuma ta yi shiru.

"Ba kuɗina ne ya fi damuna ba," in ji shi. "Mai abincin nan, in ya zo wucewa, ba ya gaishe ni."

"Ka goge saƙonnin?"

"Jiya na so in goge, don haushi."

"Kada ka taɓa ko ɗaya. Litinin ka zo ofis da wayar, ka zo da duk wanda ya yarda ya zo."

Ya dube ni kamar mai jin tausayina. "Madam, an ce wannan kuɗi iska ne. Wa zai kama iska?"

Na ce masa ya dai zo.

Da a shekarun baya ne, ni ma abin da zan ce ke nan. Akanta na karanta, kuma na yi shekaru ina bin takardun banki a ma'aikatarmu mai binciken laifukan kuɗi. Da kirifto ya shigo, sai muka zama kamar maharbin da ya saba da dawa aka kai shi bakin kogi. Muna bin kuɗi har ƙofar dillali, daga nan su ɓace mana. Sai wasu ƙasashe abokan hulɗa suka ɗauki nauyin wani horo a nan Abuja, aka tara mu da jami'ai daga Ghana da Kenya da Senegal da wasu ƙasashen Asiya da Turai. A can na gane kirifto ba aljani ba ne. Duk inda ya motsa yana barin sawu a fili, kamar shanu bayan ruwan sama, kowa na iya gani in ya iya dubawa. Abin da ba ya nunawa shi ne sunan mai shanun. Sunan yana bakin kasuwa, wato a kamfanonin da ke musanya kirifto da kuɗin kashewa, domin su sukan karɓi shaidar mutum kafin su buɗe masa asusu. Kuma kusan duk kamfanonin nan a ƙasashen waje suke. In ba ka da wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa a can, sai dai ka tsaya kana kallon sawu.

Shi ya sa abin da na fi ƙaruwa da shi a horon nan mutane ne. Cikinsu akwai wani ɗan sanda daga wata ƙasa a kudu maso gabashin Asiya, gajere, mai magana a hankali. Mun kai su cin tsire wata rana da yamma, yaji ya sa shi hawaye amma ya ƙi ajiye tsinken. Da za mu rabu ya ce mini in na ga sawu ya nufi ɓangarensu in neme shi kai tsaye, takardu su biyo baya.

Ranar Litinin Injiniya ya zo da mutanensa, wasu da kayan aiki a jikinsu. Mai abincin ma ta zo, ta zauna nesa da shi. Muka ɗauki bayanansu ɗaya bayan ɗaya, muka kwafe saƙonnin da ke wayoyinsu. Duka murya ɗaya ce ta yi musu magana, don shi ya haɗa su da matar.

Bin sawun bai yi wuya ba da farko. Kuɗin sun shiga asusun banki na wasu matasa da aka ba ɗan na goro suka ba da hayar asusunsu. Daga nan wani dillali a nan cikin gari ya mayar da su kirifto. Sai aka rarraba su ƙanana-ƙanana, aka zagaya da su ta asusu barkatai, aka sake haɗe su wuri guda. Na yi kwanaki ina bi, idona har ruwa yake yi don kallon kwamfuta. A ƙarshe suka tsaya a wani kamfanin musaya da ke da rajista a yankin su ɗan sandan nan.

Na kai wa ogan sashenmu. Dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau a aikin, ya sha aika buƙatu ƙasashen waje a shekarun baya ba a ko amsa masa ba. Ya duba abin da na zana masa, ya cire tabarau.

"Hajiya, kin tabbata da wannan?"

"Na tabbata, Yallaɓai. In muka yi sauri akwai abin da za mu tarar."

"To, ki rubuta wa kamfanin yau su riƙe asusun. Takardar da za ta bi ta gwamnati ni zan ɗauke ta da ƙafata, don in na bar ta a tebur sai ta yi barci."

Haka kuwa ya yi. Kamfanin ya amsa, ya ce zai riƙe abin da ke ciki na ɗan lokaci kafin umarnin kotu ya iso. Amma kafin saƙonmu ya je an riga an kwashe wani kaso mai yawa. Wannan ya tafi ke nan, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

A ranar na aika wa ɗan sandan bayanin asusun. Da yake safiyarmu yammacinsu ce, ina isowa ofis washegari na tarar da amsarsa. Ya ce asusun nan ba baƙo ba ne a wurinsu. Tsofaffi masu fansho a ƙasarsu sun kawo ƙara a kansa, kuma wata jami'a daga wata ƙasar Turai ma tana binsa, don an yi wa mutanenta irin wannan. Ashe makaho uku ne muke laluben giwa ɗaya.

Daga nan muka riƙa haɗuwa ta kiran bidiyo, mu da safe, shi da yamma. Kowa da abin da ke hannunsa. Ni ina da masu ƙara da muryoyi da dillalin gida. Baturiyar tana da izinin kotu na duba na'urorin da manhajar ke zaune a kansu. Shi kuma yana da ƙasa, yana iya aika mutum ya je ya leƙa gini. Ba wai komai ya tafi sumul ba ne. Kotunsu ta mayar mana da takardu har sau biyu, wai rantsuwar masu ƙara ba ta zo yadda dokarsu ke so ba. Na koma Apo na sake tattaro mutane, wasu suna gunaguni an hana su aiki. Akwai ranar da ni da Baturiyar muka yi sa'insa a kan wanda zai fara kama nasa, don ita tana tsoron in na kama dillalin da wuri na can za su farga su gudu. Gaskiyarta ce, na haƙura na jira, ko da yake kullum ina wucewa ta gaban shagonsa.

Wani aikin da ya faɗo kaina shi ne juya saƙonnin muryar nan daga Hausa zuwa Turanci don kotunsu. Na saurari muryar har na san inda take jan numfashi. "Sannu da aiki, Baba. Ya yara? Kar ka manta ka ci abinci fa." Yarinya ce, da jin muryar. Kuma Hausarta ba ta Kano ba ce, ba ta Sakkwato ba. Ni a Gwagwalada na tashi, mahaifina ya yi aikin asibiti a can, don haka na san irin wannan Hausar: ta 'ya'yan manoman karkararmu ce, waɗanda suka koye ta a kasuwa da makaranta. Wannan ya ƙara mini haushi. 'Yar gida, tana kiran mutum Baba tana yanka shi. Na ƙudura a raina duk ranar da aka kama ta sai na ga idonta.

Bayan wasu watanni, wata safiya ina ajiye jaka waya ta yi ƙara. Ɗan sandan ne. Ta kiran bidiyo ya ce sun gano ginin da 'yan damfarar ke aiki a ciki, sun shiga. Katanga ce doguwa, kuma wayar ƙayar da aka kewaye ta da ita ciki take kallo, ba waje ba. Sun kama shugabannin wurin. Sun kuma tarar da ma'aikata masu yawa daga ƙasashe daban-daban, kowa da wayoyi a gabansa, fasfo ɗinsu duka a kulle a ɗakin shugaba. Ya ce akwai wata 'yar Najeriya da ta ƙi cewa komai, sai kuka, ko zan yi mata magana da yarenmu.

Aka juyo da kyamara. Yarinya ce siririya, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba, an yafa mata bargo. Kanta a sunkuye.

"Sannu, ƙanwata," na ce. "Kina jin Hausa?"

Ta ɗago da sauri. "Ina ji, Anti."

Kalma uku ta faɗa, na gane ta. Ita ce. Na ajiye duk maganganun da na tanada mata.

"Daga ina kike?"

Ta faɗi sunan wani ƙauye bayan Gwagwalada, inda muke zuwa sayen doya muna yara.

"Ni jami'ar bincike ce daga Abuja. Ba zan ɓoye miki ba, na san muryarki. Na ji abin da kika yi wa mutanen Apo. Yanzu ki gaya mini yadda kika je can."

Ta daɗe tana kuka kafin ta iya magana. Ta ce ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta zauna ba aiki. Sai ta ga tallar aiki a ƙasar waje, na amsa kiran abokan ciniki a wani kamfani. Wani ejan mai tura mutane waje a Abuja ya yi mata komai, mahaifiyarta ta sayar da doyar shekara aka biya shi. Suna sauka aka karɓe fasfo ɗinta, aka kai ta ginin nan, aka ba ta wayoyi da rubutaccen abin da za ta riƙa faɗa. Da suka gane tana jin Hausa sai suka ce ta nemo 'yan ƙasarta. Wanda bai kawo abin da aka yanka masa ba, a hana shi abinci, a tsayar da shi a rana, wani lokaci a doke shi. Ta janye bargon ta nuna mini kafaɗarta.

"Anti, ɗaure ni za su yi?"

"Ban sani ba tukuna, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Amma duk abin da kika faɗa zan juya musu shi daidai, ba ragi ba ƙari. Ki faɗi gaskiya duka, har da naki."

"Zan faɗa." Ta gyara bargon. "Mamana ta san ina raye?"

A ƙarshen makon na tuƙa zuwa ƙauyen. Na sami uwar a bayan gida tana ɓarar gyaɗa, da ƙyar take haɗa Hausa. Tun da 'yar ta tafi ba su ji muryarta ba sai sau ɗaya, har an fara ce mata ta haƙura. Da na nuna mata hoton da aka turo mini, ta karɓi wayar da hannu biyu ta zauna a ƙasa. Ta ƙura wa hoton ido. Da zan tafi ta cika mini but ɗin mota da doya, na ce aikina bai yarda in karɓa ba, ta ce ita ba ta san wannan ba. Sai da maƙwabcinsu ya sa baki sannan ta yarda na biya.

Haushina bai gushe ba, wuri ya sauya. Yarinyar ta ba da bayanin ejan ɗin dalla-dalla, ofishinsa a saman wasu shaguna, da sunayen wasu da ya tura kafin ita. A mako guda muka kama shi da dillalin. Abin da muka samu a ofishin ejan ɗin muka aika can, shi ya tabbatar wa kotunsu cewa safarar yarinyar aka yi. Dokarsu ta ɗauke ta a matsayin shaida, ba mai laifi ba. Ta tsaya a gaban alƙali ta yi bayani, ni kuma daga nan ta bidiyo ina fassara abin da Turancinta ya kasa ɗauka don kuka. Bayan an gama aka dawo da ita gida tare da wasu 'yan ƙasarmu biyu.

Kuɗin da aka riƙe kuwa, kotun ta ce a raba wa waɗanda aka cuta a ƙasashen uku. Ya ɗauki lokaci kafin rabon mutanen Apo ya iso, kuma abin da ya dawo bai kai abin da ya tafi ba, ko kusa. Amma ya dawo. Mai fenti ya ce mini shi tun da yake bai taɓa jin kuɗin da suka tsallaka teku sun waiwayo ba.

Na je Apo da kaina na gaya wa Injiniya labarin yarinyar. Yana ƙarƙashin wata mota ya fito, ya tsaya yana goge hannu da tsumma, yana ji har na gama.

"Wato duk gaisuwan nan da yake mini," in ji shi, yana nufin yarinyar, "da bulala a bayansa?"

"Haka ne. Ta roƙe ni in tambaye ka ko za ta zo ta ba ka haƙuri."

Ya ajiye tsumman. "Madam, ina da yarinya kamar shi a gida, shi ma kullum maganar tafiya waje yake. A'a, kar ya zo. In na ji muryan nan zuciyana zai tashi. Ka gaya masa na ji, ya zauna wurin mamansa."

Mai abincin kuwa ta ce ita ba ta yafe ba, bulala ko ba bulala, adashenta na shekara ne. Ban yi mata musu ba. Ta dai koma zuba wa Injiniya abinci, ko da yake an ce naman da take sa masa ya ragu.

Tun daga wannan shari'ar aikin sashenmu ya sauya. Buƙatun da muke aikawa waje ana amsa su da wuri, don an san mu, mu ma kuma ba ma barin na wasu su kwana a tebur. Ba duka muke ci ba. Akwai sawun da ke shigewa inda ba mu da kowa, akwai kamfanonin da ba sa amsa wa kowa. Amma na daina jin cewa iyakar ƙasa ita ce iyakar hannuna.

Kwanan baya ina shirin fita sallar azahar aka haɗa ni da wani jami'i daga Nijar. Ya fara da Faransanci, na amsa da Turanci, muka yi ta karo. Can na ce, "Malam, ko kana jin Hausa?" Ya yi dariya ya ce ai da ita aka yi masa huɗuba. Wasu 'yan kasuwar albasa ne a wajensu aka yaudara, kuma yana ganin kuɗin sun biyo ta wurin wani dillali a Abuja. Ya ce ya san irin wannan abu yana ɗaukar watanni, shi dai a taimaka a duba.

"Turo mini bayanin asusun yanzu," na ce masa. "Takardu su biyo ta hanyarsu. In na idar da salla zan zauna a kai, kafin la'asar za ka ji daga gare ni in Allah ya so."

Ya turo. Na gaya wa abokin aikina ya kunna ɗaya kwamfutar, na ɗauki buta na fita.